Yadda Ake Kula da Ƙodar Mai Ciwon Suga a Ƙananan Asibitocin Zariya

Da yawa daga cikin masu ciwon suga a Zariya ba sa ganin likitan ƙoda sai ranar da aka kwaso su a mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ƙafa ta kumbura, numfashi yana sarƙewa, amai ya ƙi tsayawa. Kafin wannan rana kuwa, mutum ya yi shekara 5 ko 10 yana zuwa ƙaramin asibitin unguwarsu, ana sokin yatsarsa, ana auna jininsa, ana sake rubuta masa maganin watan jiya. A cikin waɗannan shekarun ƙodar ta lalace, kuma a cikinsu ne kaɗai ake iya tare ta da ɗan abin da muke da shi. Kusan mutum 1 cikin 3 na manya masu ciwon suga yana da matsalar ƙoda, amma ba ta ciwo, ba ta hana cin tuwo, sai aikinta ya yi ƙasa sosai. Ciwon bayan da mutane ke zuwa da shi suna dafe kwankwaso suna cewa "Likita, ƙodata ce", galibi ba ita ba ce.

Wannan bayani na malaman asibiti ne da nas-nas da jami'an lafiya na al'umma da sababbin likitoci da ke zaune a asibitocin matakin farko. Fara magani ko sauya shi hurumin likita ne, ko wanda ƙa'idar aikinsa ta ba shi dama. Amma gano mai matsalar, da tura shi gwaji, da bibiyarsa, wannan kowa zai iya. Yawancin ma'aunan da zan kawo sun dace da jagororin ƙungiyar KDIGO ta masana ƙoda na duniya, na 2022 da na 2024.

Mataki na farko: a san su waye, a rubuta su

Ku ware littafi ɗaya na masu ciwon suga kaɗai. Kowane mutum da shafinsa: suna, unguwa, lambar wayarsa da ta wani ɗansa, shekarar da aka gano ciwon, sai layuka na awon jini da suga da nauyi, da gurbi biyu na musamman, ranar gwajin fitsari na ƙarshe da ranar gwajin jinin ƙoda na ƙarshe. Katin da ke hannun mara lafiya yakan ɓace, ko ruwan damina ya jiƙa shi. Littafin yana nan.

Mai ciwon suga nau'i na 2, wato irin na manya wanda shi ne mafi yawa a wurinmu, ana gwada ƙodarsa tun ranar da aka gano ciwon, domin yawanci ya daɗe da shi bai sani ba. Mai nau'i na 1 ana fara masa bayan shekara 5 da kamuwa. Daga nan kowa sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau.

Mataki na biyu: fitsari

Ƙoda tana aiki ne kamar rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Suga da hawan jini suna ɓata ramukan, sai wani furotin na jini da ake kira albumin, wanda ya kamata ya tsaya, ya fara zurarewa cikin fitsari. Wannan yoyo yakan riga duk wata alama da shekaru.

Gwajin da ya fi dacewa shi ne ACR, wanda ke auna albumin da kiriyatinin (wani dattin jiki da ƙoda ke tacewa daga jini) a fitsari ya kwatanta su. Fitsarin farko na asuba ya fi, amma idan mutum ya taso daga Giwa ko Soba ya iso da hantsi, ku karɓi wanda ya samu, kada ku ce ya dawo gobe, don ba lalle ya dawo ba. Sakamakon kashi uku ne. Ƙasa da 30 mg/g lafiya lau. Daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara. Sama da 300 ya yi yawa. Wasu ɗakunan gwaji suna rubutawa da mg/mmol, a nan iyakokin su ne 3 da 30, saboda haka a duba ma'aunin kafin a tsorata mutum.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke da ACR ba, abin da ke kan tebur shi ne tsinken gwajin fitsari. A yi amfani da shi, amma a san iyakarsa: ba ya ganin ɗan ƙaramin yoyon farko. Idan ya nuna furotin 1+ ko sama, magana ta riga ta yi nisa, a tura a auna. Idan bai nuna komai ba, wannan bai wanke ƙodar ba, har yanzu ana bin mutum bashin ACR sau ɗaya a shekara, a babban asibiti kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na Wusasa idan ana yi a lokacin, ko a wani ɗakin gwaji da kuka amince da aikinsa. A riƙa duba gurbin jini a jikin tsinken ma, zan dawo kansa.

Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, ciwon sanyin mafitsara, jinin al'ada, aikin ƙarfi a jiya kamar huɗa ko dakon kaya, suga ko jini da ya hau sosai a ranar, duk suna iya ɗaga albumin na ɗan lokaci. Mai zazzaɓin cizon sauro a yi masa magani tukuna, a gwada bayan ya warware. Ana tabbatarwa ne idan gwaji 2 cikin 3 da aka yi tsakanin wata 3 zuwa 6 suka nuna yoyo.

Mataki na uku: jini, da lissafin da ake yawan tsallakewa

A rubuta gwajin kiriyatinin tare da na fotasiyam, wani sinadarin jini da ke taruwa idan ƙoda ta raunana. Idan sakamako ya zo, kada a tsaya kan cewa lambar tana cikin iyakar da aka buga a gefen takarda. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, don haka ma'anarsa ta dogara da shekaru da jinsi. Ga misali: kiriyatinin 106 µmol/L, wato 1.2 mg/dL. A jikin namiji ɗan shekara 30, aikin tace ƙodarsa, abin da ake kira eGFR, yana wajen 83. A jikin Hajiya mai shekara 60, wannan lambar dai tana nufin wajen 52. Takarda ɗaya, amma ita ta shiga mataki na 3 na ciwon ƙoda idan abin ya ɗore. Mutane da yawa a nan suke sulluɓe mana.

Lissafin ba wuya. Akwai manhajojin waya na kyauta, a nemi wadda ke amfani da tsarin CKD-EPI na 2021, a saka shekaru da jinsi da kiriyatinin. Tsofaffin manhajoji suna da gurbin da ake dannawa idan mutum baƙar fata ne, wanda ke ƙara lambar. Kada a danna shi, an cire shi a sabon tsarin, kuma ƙarin da yake yi ɓoye ciwo kawai yake. A kula da ma'auni: ana raba µmol/L da 88.4 a samu mg/dL.

Matakan ciwon ƙoda bisa lambar eGFR su ne: 90 zuwa sama mataki na 1, 60 zuwa 89 na 2, 45 zuwa 59 na 3a, 30 zuwa 44 na 3b, 15 zuwa 29 na 4, ƙasa da 15 na 5. Ana cewa mutum yana da daɗaɗɗen ciwon ƙoda idan eGFR ya zauna ƙasa da 60, ko ACR ya zauna 30 zuwa sama, fiye da wata 3. Idan karon farko ne aka ga lambar ta yi ƙasa, kada a jira wata ukun, a maimaita cikin mako 2, domin ta yiwu rauni ne na farat ɗaya da ke ci gaba, daga gudawa ko wani magani.

Lambobi uku sun isa a haddace, don su ne ke sauya aiki: 45, 30 da 20. Za ku gan su a ƙasa.

Mataki na huɗu: anya sugan ne?

Ba duk mai suga da ƙodarsa ta taɓu ne sugan ya taɓa ta ba. Ciwon ƙoda na suga a hankali yake tafiya, kuma sau da yawa yana tare da lalacewar jijiyoyin bayan ido, shi ya sa duk wanda aka samu da yoyo sai an tura shi a duba masa ido, ko da yana cewa yana gani tangaran. Abin da zai sa a yi zargin wani dalili: jini a fitsari da ya ƙi ɓacewa, kumburin da ya zo cikin 'yan makonni, eGFR da ke faɗuwa da sauri, ko yoyo mai yawa alhali ido lafiya. A ƙasarmu a tuna da ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, sikila, da tsargiya ga masu noman rani da masu shiga rafi. Dattijon da ke cewa fitsari yana yi masa gardama ko yana ɗiga, a taɓa mararsa, a tura shi hoton ciki. Toshewa ce mai yiwuwa, kuma ana iya buɗe ta.

Mataki na biyar: a zazzage ledar magani

A ganina babu matakin da ya fi wannan amfani a Zariya, kuma ko sisi ba a kashewa. Ku ce wa mara lafiya: "Baba, in za ku dawo ku haɗo mana duk abin da kuke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gida, har wanda aka ba ku a kasuwa." Idan aka tambaya da baki, amsar ita ce "ba na shan komai sai naku". Idan leda ta zo, sai a ga gaskiya.

Na farko da za a nema su ne magungunan ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen, piroxicam da danginsu. Manomi, ɗan acaɓa, mai faskare, tsohuwa mai ciwon gwiwa, kowa yana da su, wani ma a cikin haɗin da mai kemis ke ƙullawa ba suna, a ce maganin gajiya. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga matatar ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini. Haɗarinsu yana ninkuwa idan mutum yana shan lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari, ga zafin bazara. A maye su da paracetamol, da man shafawa a gwiwa. Kada ku tsaya kan cewa "ku daina", ku nuna masa kwalin ku ce wannan da duk mai kama da shi, ku kuma gaya wa ɗan da ke zuwa sayo masa.

Na biyu allurar gentamicin, wadda ake yi barkatai don zazzaɓi ko ciwon sanyi. Mai raunin ƙoda ba ya ɗaukarta sai da dalili mai ƙarfi da sa ido. Co-trimoxazole yana ɗaga fotasiyam, musamman tare da lisinopril. Nitrofurantoin ba ya aiki yadda ya kamata idan eGFR ya yi ƙasa da 45. Mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da tenofovir, idan ƙodarsa ta fara rauni, ba ku za ku tsayar masa ba, ku rubuta wa asibitin da ke ba shi don su duba ko za su sauya.

Na uku jiƙe-jiƙe da sassaƙe: maganin basir, na shawara, na ƙarfin maza, da na "wanke suga" da ake tallarsa da lasifika a tasha. A nan sai da lalama. Idan kuka kushe maganin gargajiya gaba ɗaya, mutum zai yi shiru ya ci gaba da sha. Abin da ya fi shiga shi ne a ce masa ƙodarsa ce ke fitar da duk abin da ya sha, yanzu kuma ta gaji, kuma babu wanda ya san adadin abin da ke cikin jarkar, har mai sayarwar. Mata kuma a tambaye su man shafawa na hasken fata, domin wasunsu suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda.

Mataki na shida: hawan jini

Idan ƙoda ta fara yoyo, saukar da jini ya kai saukar da suga muhimmanci, wani lokaci ma ya fi. A auna shi daidai: mutum ya zauna minti 5, ya jingina, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, madauri daidai kaurin damtse, a auna sau 2. Wanda ya sauko daga acaɓa yanzu aka ɗaura masa, lambar ba tasa ba ce. Abin da ake nema shi ne ƙasa da 130/80. Tsoho mai jiri idan ya miƙe, a sassauta masa.

Mai suga da hawan jini da yoyon albumin, maganin farko shi ne ɗaya daga dangin lisinopril da enalapril, ko ɗaya daga dangin losartan da telmisartan. Bayan saukar da jini, suna rage matsin da ke cikin matatar ƙodar kanta, yoyon ya ragu. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa har iyakar abin da jiki ya ɗauka. Barin mutum shekara da shekaru kan lisinopril 2.5 mg rabin aiki ne.

Sharuɗɗansa ba a wasa da su. A gwada kiriyatinin da fotasiyam kafin a fara, a sake bayan mako 2 zuwa 4, haka kuma duk lokacin da aka ƙara. Kiriyatinin zai ɗan hau, wannan ba abin tsoro ba ne muddin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba: wanda ya fara da 100 ya koma 120, a ci gaba. Idan ya haura 130, a nemi dalili, ko gudawa ko diclofenac ko ƙarancin ruwa, a sanar da likita. Fotasiyam da ya wuce 5.5 yana bukatar a rage ko a dakata a sake aunawa. Ba a haɗa lisinopril da losartan. Ba a ba mai juna biyu ko wanne, don suna illata ɗan tayi, saboda haka duk matar da ke cikin shekarun haihuwa a yi mata maganar tazara, a kuma ce ta zo da zarar ta ga ɓatan wata. Busasshen tari daga lisinopril sananne ne, a koma losartan maimakon a yi ta ba da maganin tari. Kumburin leɓe ko harshe kuwa na gaggawa ne, a tsayar nan take, kuma ya fi faruwa ga baƙar fata.

Da wuya magani ɗaya ya isa. Amlodipine shi ne abokin tafiya da ya fi dacewa da mutanenmu, sai maganin sa fitsari a matsayin na uku. A haɗa da maganin kitsen jini irin atorvastatin, domin masu wannan ciwo da yawa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke ɗauke su tun kafin su kai ga wankin ƙoda.

Mataki na bakwai: a daidaita maganin suga da ƙarfin ƙodar

Metformin yana nan daram idan eGFR ya kai 45. Tsakanin 30 da 44 a rage, kada ya wuce 1,000 mg a yini. Ƙasa da 30 a tsayar.

Glibenclamide shi ne abin tsoro. Yana da araha, yana ko'ina, amma ƙoda ce ke fitar da ragowarsa, idan ta yi rauni sai ya taru ya kayar da suga, cikin dare ma. Tsohuwar da aka kawo tana gumi tana sambatu, 'yan uwa suna cewa iska ce ko shanyewar jiki, a soki yatsarta kafin komai. Idan suga ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, kuma tana iya haɗiya, a ba ta cokalin shayi 3 na sukari a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ba ta cikin hayyacinta sai ta jijiya. Kada a sallame ta don ta farfaɗo, faɗuwar sugan glibenclamide tana dawowa, sai an kwantar da ita an sa ido aƙalla kwana guda. Mai eGFR ƙasa da 60 gara a mayar da shi gliclazide, a fara da kaɗan.

Insulin ma yana daɗewa a jiki idan ƙoda ta raunana. Saboda haka idan wanda sugansa ya daɗe yana gagara ya zo yana murna cewa ya sauka da kansa, har ya rage allura, kada a taya shi murna sai an ga kiriyatinin.

Sai sababbin magunguna, empagliflozin da dapagliflozin, kowanne 10 mg sau ɗaya a yini. Manyan gwaje-gwaje da aka kammala tsakanin 2019 da 2022 sun nuna cewa wannan dangi yana jinkirta lalacewar ƙoda yana kuma kare zuciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ana fara shi ga mai nau'i na 2 idan eGFR ya kai 20. Don ƙoda ake ba da shi, ko da suga ya daidaita. A makonnin farko eGFR yakan ɗan sauka, ba dalilin tsayarwa ba ne. Yana fitar da suga ta fitsari, don haka ƙaiƙayin gaba yakan biyo baya, a faɗa wa mutum tun farko, a ce ya riƙa tsarki da ruwa sosai yana busar da wurin. A dakatar da shi kwana 3 kafin tiyata. Mai shansa da ya zo da amai da ciwon ciki da haki, a tura shi da gaggawa ko da suga bai hau sosai ba, don asid kan taru a jini. Matsalarsa tsada. Ku gaya wa iyali gaskiya cewa na sha ne kullum ba na wata ɗaya ba, su auna aljihunsu, a kuma duba ko mutum yana cikin inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya da abin da take ɗauka. Idan kuɗi bai kai ba, kada a sadaukar da maganin hawan jini dominsa.

A gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, wajen kashi 7 ake nema ga yawancin mutane, a sassauta zuwa 8 ga tsofaffi da masu yawan faɗuwar suga. Ba a dogara da shi ga mai ƙarancin jini ko sikila ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan.

Mataki na takwas: tukunya

Da wadda ke girki za a yi wannan magana, ba da maigida kaɗai ba. Gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai gram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Kuma ba na cikin gwangwani kaɗai ake nufi ba: dunƙulen miya yawancinsa gishiri ne, ga yajin tsire, ga kilishi, ga garin ɗanɗanon taliyar yara. Uwargida ta rage dunƙule a hankali ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Tukunya ɗaya ga kowa ta fi ɗorewa a kan a ware wa Baba tasa lami.

Kanwa ma gishiri ce ta wani fanni. Tun shekarun 1970 likitocin da suka yi bincike a nan Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego. Mai hawan jini da raunin ƙoda ya bar kunun kanwa, a kuma rage ta a wake da miyar kuka da ɗanwake.

Nama da kifi da wake a ci daidai misali, ba a hana su. Kuskure ne a ɗora wa mutum dogon jerin haramci har ya rame. Ayaba, lemo, dabino, tumatir da alayyahu ba a taƙaita su sai gwaji ya nuna fotasiyam ya hau. Gishirin da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini kuwa fotasiyam ne a ciki, bai dace da su ba. Ruwa a sha gwargwadon ƙishi, sai in likita ya iyakance saboda kumburi. Mai shan taba ya daina.

Mataki na tara: ranar gudawa da watan azumi

Kowane mara lafiya ya san wannan doka, a rubuta masa a bayan kati, da boko ko da ajami: ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi ya hana ci da sha, a ajiye metformin, lisinopril ko losartan, maganin sa fitsari, da empagliflozin ko dapagliflozin. A sha ruwan gishiri da sukari na asibiti, a zo a gan mu. Ana komawa kansu bayan kwana 1 zuwa 2 da dawowar ci da sha. Insulin ba a yanke shi gaba ɗaya, sai dai a daidaita. Da damina, lokacin amai da gudawa, a riƙa maimaita wannan ga kowa.

Maganar azumi tun Rajab ake fara ta, mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, da sabon gwajin ƙoda a hannu. Mai mataki na 4 ko 5 shawarar likitoci ita ce kada ya yi. Mai mataki na 3 ma yana cikin haɗari, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi ko ciwon bai zauna wuri ɗaya ba. Dattijo ba ya son jin wannan daga bakin yaron da ya haifa, don haka a ce masa: "Baba, ku tafi da wannan bayani wurin malaminku, ku ji abin da shari'a ta ce game da mara lafiya." Rangwamen yana cikin Suratul Baƙara, kuma daga bakin malami ya fi zama. Wanda ya dage zai yi, likita ya sake masa jadawalin magani, ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, ya riƙa auna suga da rana. Ya karya nan take idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 mg/dL, ko jiri ya kama shi. Ba a fara empagliflozin ana jibi azumi. Kiristocin Wusasa da Sabon Gari masu azumin coci, dokar ɗaya ce.

Mataki na goma: yaushe za a tura Shika

Akwai turawar yau-yau: fotasiyam 6.0 ko sama, haki da kasa kwanciya, fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, amai da shaƙuwa da ba sa tsayawa, ruɗewa ko jijjiga, ko kiriyatinin ya ninka cikin 'yan kwanaki. Irin wannan kada a ɗaura masa ruwa leda bayan leda don a ga ko fitsari zai zo, huhu zai cika.

Akwai kuma turawar asibitin ƙoda na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ba da gaggawa ba: eGFR ƙasa da 30, ACR da ya zauna sama da 300, eGFR da ke raguwa fiye da 5 a shekara, jinin da ya ƙi sauka da magani 3, jini a fitsari, ƙarancin jini da ba a gano dalilinsa ba, ko mace mai ciwon da ta samu ciki. Takardar turawa ta ƙunshi duk sakamakon kiriyatinin na baya da ranakunsu, da sunayen magunguna da adadinsu. Layi ɗaya mai cewa a duba a taimaka ba ya gaya wa likitan ƙoda komai, saurin faɗuwar yake son gani.

Mutane suna jin an ce Shika sai gabansu ya faɗi, su ɗauka wankin ƙoda za a fara. A yi musu bayani cewa ana tura su da wuri ne don a nisanta su da shi. Wankin, ga wanda ya kai, yawanci sau 3 ne a mako, wajen awa 4 kowane zama, kuma iyalai kaɗan ne ke iya jure kuɗinsa na dogon lokaci. Dashe ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun 2002, amma shi ma shiri yake so na watanni da mai bayarwa da magani na har abada.

Wanda aka tura bai fita daga littafinku ba. Zai dawo wurinku awon jini kowane wata. Mai mataki na 3a ko matsakaicin yoyo a gwada ƙodarsa sau 1 zuwa 2 a shekara, mai 3b ko yoyo mai yawa sau 2 zuwa 3, mai mataki na 4 kusan kowane wata 3. A cire masa takalmi a duba ƙafa a kowane zuwa, a auna yawan jininsa, a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B idan bai yi ba. Mai mataki na 4 kuma a daina huda jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi, na hagu ga yawancin mutane, domin nan za a yi masa hanyar wanki idan bukata ta zo. A ɗebi jini a bayan tafin hannu. Ƙarshen kowane wata a buɗe littafin, duk wanda ranar gwajinsa ta wuce a kira lambar ɗansa.